Ranar da na shiga teku a Durban

Duk wanda ya tashi a Jos ya san gargaɗin da iyayenmu mata suke mana a kan kududdufan kuza, waɗannan ramukan da aka haƙa ma'adinai aka tafi aka bari ruwa ya cika su. Sama lumui kamar ba komai, ƙasa kuwa zurfi da laka, kuma kusan kowace unguwa akwai labarin yaron da ya tafi wanka bai dawo ba. Shi ya sa na girma ban iya iyo ba, kuma har yau ban ga laifin Ummanmu ba.

A watan Yuni aiki ya kai ni Durban a Afirka ta Kudu, kwana shida. Da na je sallama Umma ta riƙe hannuna ta ce, "Na ji garin a bakin teku yake, to ka kiyaye, ruwa ba sa'an kwando ba ne." Na ce, "In sha Allahu Umma, a sa mu a addu'a."

Yuni lokacin sanyinsu ne, amma ga wanda ya saba da hunturun Jos ba wani sanyin a zo a gani ba ne, da rana ma riga ɗaya ta ishe ka. Ruwan ne ya ba ni mamaki. Tekun Indiya ne, kuma akwai wata igiyar ruwa mai ɗumi da ake kira Agulhas da take gangarowa daga arewa ta bi gaɓar, shi ya sa ko a sanyin ruwan yana haura digiri 20, mutane na ta wanka abunsu. Garin na kallon gabas, to in ka idar da sallar asuba ka fito titin bakin ruwa da suke kira Golden Mile za ka ga rana tana fitowa daga cikin teku, jajir, ga masu gudu ga masu keke ga samari sun ɗauko allunansu na hawan igiyar ruwa. Na yi hayar keke na taka daga uShaka Marine World, wurin shaƙatawa da kallon halittun ruwa, har filin wasa na Moses Mabhida, inda muka yi 2-2 da Koriya ta Kudu a kofin duniya na 2010, ranar da Yakubu ya ɓarar da ƙwallon nan a bakin raga, wallahi tsayuwa a wajen sai da abun ya dawo min sabo.

Kwana biyu ina kallon ruwan daga nesa. A na uku na je wajen masu ceto na faɗa wa ɗaya gaskiya, ban iya ruwa ba amma ina so in shiga. Ya nuna min tutoci biyu masu launin ja da rawaya da aka kafa a yashi, ya ce tsakaninsu kawai ake shiga don nan idonsu yake. Sannan ya nuna wani waje da ruwan ya yi duhu ya kwanta ba kumfa, irin wajen da ni da kaina zan zaɓa don ya fi kama da lafiya, ya ce nan ne hatsarin, ta nan ruwan da igiya ta turo yake komawa ciki da ƙarfi yana jan mutum. In ya ja ka kar ka yi kokawa da shi, ka ɗaga hannu, in ka iya iyo ka yi gefe. Take na tuna kududdufanmu.

Na shiga iya ƙugu. Igiyar ta daki ƙirjina, gishiri a baki a ido, sannan da take komawa sai na ji yashi yana zarewa daga ƙarƙashin tafin ƙafata kamar ana janye tabarma. Na fi awa ɗaya a ciki. Kusa da ni wata baiwar Allah ce da 'ya'yanta sanye da kayan wanka masu rufe jiki har kai, don garin akwai Musulmi sosai, abincin halal ba wahala, Juma'a ma a babban masallacin nan na tsohon Grey Street na yi.

Ranar Asabar muka yi kudu zuwa Umkomaas, kamar kilomita 50, inda masu nutso ke tashi zuwa Aliwal Shoal, wani tudun dutse a ƙarƙashin teku, su kalli kifin shak. Ni dai ban nutsa ba, rigar ceto na sa na zauna a jirgin roba mai inji, aka ce mu cusa ƙafa a madauri mu riƙe igiya da kyau saboda sai jirgin ya keta igiyoyin bakin gaɓa kafin ya samu fili. Lokacin ne kuma kifin sadin, wannan dai da muke saye a gwangwani mu ci da burodi, yake tasowa garke-garke daga kudu, tsuntsaye na faɗowa ruwa daga sama kamar ana jifa, dolfin kuma suka biyo gefen jirginmu har ina jin hucin numfashinsu. Ban san lokacin da na fara tasbihi da ƙarfi ba.

Abun da ke damuna shi ne mutanenmu da yawa suna zuwa garin taro ko kasuwanci, daga otal sai kanti sai filin jirgi, teku sai dai a hoto. Abokan tafiyata uku ko yatsa ba su tsoma ba, na roƙe su har na gaji.

Da na dawo na nuna wa Umma bidiyon, ta yi salati ta kalla har sau uku. Na ce mata ina so in sa jikokinta koyon iyo a wurin wanka na wani otal a Rayfield, da malami a tsaye. Ta yi shiru can ta ce to a fara da babban, kuma ranar farko da ita za a je.