Abin da Cunkoson Aji Ya Ɓoye Mini

Saura sati guda a buɗe makarantu hedimasta ya kira mu taro. Rabonmu da aji tun Litinin 23 ga Maris 2020, ranar da aka rufe makarantun Kano saboda annobar korona, ga shi an ce a koma ranar 12 ga Oktoba, wata bakwai ba kaɗan. Damina ta zo ta wuce ba kowa a makarantar sai Baba mai gadi. Tafasa ta kai ƙugu a filin asambuli, iska ta yaye kwano biyu a ajin ƙarshe, gara ta ci bayan kabad ɗin rajista, awakin unguwa kuwa sun mayar da barandarmu ɗakin kwana. A tsaye muka yi taron, don ba kujerar da za ka zauna a kai ka tashi da farar rigarka.

Hedimasta ya karanto mana takardar da aka aiko daga sama: kowa ya sa takunkumi, a auna zafin jiki a bakin ƙofa, a wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudu, a ba da tazara a cikin aji. Da ya zo kan ruwa mai gudu sai wata malama ta ce, "Ranka ya daɗe, daga ina zai gudo?" Aka kwashe da dariya, har shi. Famfon makarantarmu ya fi shekara ko tari bai yi ba.

Karo-karo muka yi, muka sayi bokiti mai famfo guda uku, muka yi ciniki da wani ɗan garuwa ya riƙa kawo mana kura ɗaya kullum da safe. Ni aka bai wa aikin rubutu saboda an ce hannuna ya fi kyau, na sa alƙalamin maka na rubuta a jikin kowane bokiti: WANKE HANNUNKA. Sabulun da muka ajiye bai kai azahar ba ya yi ƙafa. Daga baya muka koma kaɗa omo a gorar ruwa, mu huda murfin da ƙusa, mu ɗaure ta da igiya. Wannan ta zauna.

Na'urar auna zafi kuwa Baba aka damƙa wa. Yara suka sa mata suna bindiga, 'yan aji ɗaya suna ganin an nufo goshinsu da ita sai ihu. Baba ne ya gano cewa yaron da ya sha tafiya a rana dole ta nuna zafi, sai ya riƙa zaunar da su a inuwar darbejiya su huce kafin ya sake gwadawa. Ba wanda ya koya masa. "Malam," ya ce da ni, "ko tukunya aka sauke ai sai an bari ta sha iska." Takunkumin yara ma labari ne. Tela ya ɗinka wa wasu da ƙyallen atamfa, 'yan mata suna jan gefen hijabi su rufe hanci, akwai kuma 'yan gida ɗaya su uku da takunkumi guda: na farko ya shiga, ya zagaya ya cillo shi ta kan katanga, na biyu ya sa. Mun gani, mun kau da kai.

A ofishin malamai mun rabu biyu. Akwai masu cewa korona ciwon masu hawa jirgi ne, ba ruwanta da talaka. Akwai kuma waɗanda watan Afrilu bai bar su su yi wannan maganar ba, lokacin da aka kulle gari ana shirin azumi, kullum sai ka ji wane ya rasu, wane ma ya rasu, yawanci dattawa. Babban malaminmu na lissafi a cikin kwanakin nan ya binne yayansa, shi kansa ga ciwon suga ga hawan jini. Ranar farko wani ya miƙa masa hannu, ya dafa ƙirji ya ce, "Mu gaisa a haka." Mutumin ya ɓata rai: "Au, ni ne mai koronar?" A Kano a hana ka hannu ba ƙaramin abu ba ne. Kwana biyu ba sa magana. Abin da ya raba gardamar ba hujja ba ce, don mun kawo hujjoji har mun gaji. Hedimasta ne ya fara dafa ƙirji ga kowa, babba da yaro, sai abin ya daina zama wulaƙanci ya koma gaisuwar gida.

Mu na gwamnati ma da sauƙi, albashi bai tsaya ba. Ƙanena da ke koyarwa a makarantar kuɗi wata da watanni ko sisi bai gani ba, ya karɓi Adaidaita Sahu yana ja. Da aka buɗe, gwamnati ta ce masu makarantu su rage kashi 25 cikin ɗari na kuɗin zangon, mai makarantarsu ya ce to albashi ma sai an rage. Har yau ƙanen nawa yana kan titi, kuma ya fi ni iya koyar da Turanci.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Tsarin da aka fitar wa firamare shi ne 'yan aji 1 da 2 su zo Litinin da Talata, 'yan aji 3 da 4 da 5 su zo Laraba, Alhamis da Juma'a. Ni aji uku nake riƙe da shi. Tun da aka ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a Satumbar 2019 yara suka yi ta tuɗaɗowa, rajistata ta kai suna 118. Benci na mutum uku yana ɗaukar shida, sauran a ƙasa, har gindin allo. Idan na tsaya a gaba, nan zan tsaya har a buga ƙararrawa, don ba wurin sa ƙafa. To yanzu da ɗakunan 'yan aji ɗaya da biyu suke zama ba kowa daga Laraba, sai aka raba ajina uku, malamansu suka karɓi kashi biyu, aka bar mini yara 34.

Shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa, ranar Larabar nan ce ta farko da na taka har bangon baya ana cikin darasi. Na ga fuskokin da na san sunansu a rajista kawai. Sai na ce bari in yi abin da ban taɓa samun sarari na yi ba: kowa ya taso shi kaɗai ya karanta mini layi ɗaya a allo. Jimla ce mai sauƙi, irin su "Inna ta dafa tuwo." Cikin 34, tara ne suka karanta.

Na koma ofis ina salati. Na ce korona ta cuce mu, wata bakwai ta shafe karatun shekara uku. Kowa ya gyaɗa kai, don kowa abin da yake son ji ke nan. Laifi ya samu mai ɗauka, kuma mai ɗaukar ba ta da bakin musu.

Wata yarinya ce ta ƙwace mini wannan uzurin. Ita ce monitar 'yan mata, kuma in ana karatun baki ɗaya, in faɗa su maimaita, muryarta ce a sama. Da za a ce in rantse a kan yara biyar da suka iya karatu a ajin, da ita zan fara. Na nuna mata layi na uku da tsinken sanda, sai ta karanto mini na farko, tsaf, har da inda nake jan numfashi. Na nuna kalma ɗaya a tsakiya, ta yi shiru.

Na ce, "'Yata, hutun nan ne ya sa kika manta?"

Ta ce, "A'a Malam, ban manta ba. Da ma haddacewa nake yi."

Ba da kunya ta faɗa ba. A wurinta abin da ake nufi da karatu ke nan, kuma ni na koya mata haka. Na karɓi tsohon littafinta na kafin kulle, na buɗe. Rubutu kamar a wanke hannu a taɓa. Amma a wani shafi na ga inda allo ya ƙare mini na karya kalma biyu, ita ma ta karya ta a tsakiyar shafi, alhali ga fili a gabanta. Zanen allon take yi, kamar yadda ake kwaikwayon zanen lalle. Kuma duk shafin na bi shi da jan biro na sa hannu.

Yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, ta yi nisa a hadda a Islamiyya, har darussan da aka riƙa sakawa a rediyo lokacin kulle tana iya maimaito su. Kunnenta ne ya ɗauke ta shekara uku, cunkoso kuma ya rufa mana asiri, ni da ita. Idan yara ɗari suka ɗaga murya tare, goma ne ke karatu, sauran amshi suke yi, kai kuma a gaba kana jin daɗi aji ya ɗauka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san maganin tun ina yaro. A makarantar allo na fara, a zauren wani malami a unguwarmu. Mun fi hamsin, kowa na rera nasa, amma ba mai wanke allo sai ya durƙusa gaban Malam shi kaɗai ya biya, yatsa a kan harafi. Sai ka ƙoshi da babbaƙu kafin a kai ka farfaru. Na je na yi NCE, wato karatun shaidar malanta, na koyo sunayen hanyoyin koyarwa da Turanci, na manta da zauren.

Na ajiye manhaja na koma baƙi da wasali: ba, bi, bu, be, bo. A nan takunkumi ya zame mini ƙarfen ƙafa. Yana danne murya, ƙafa ta koma kafa, baƙi ya koma baki, yara kuma bakin malami suke kallo kafin su kama sauti. Gaskiya ita ce na riƙa ja da baya zuwa bakin taga, in sauke shi ƙasan haɓa in furta, in mayar. Ban ce daidai na yi ba. Kwali na yayyanka na rubuta gaɓoɓi, in juya su yadda ba mai iya haddace jerin.

Hedimasta ya ga littafin shirin darasina bai motsa ba sati biyu, ya kira ni.

"Malam, zango gajere ne, masu duba aiki kuma manhaja za su tambaya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ara mini minti goma."

Ya biyo ni aji, ya zaɓi yara biyar da kansa, ya rubuta "kaza" a allo. Biyu suka karanta. Ya daɗe yana kallon allin da ke hannunsa. Washegari ya ce darasin farko na kowace rana, daga aji biyu zuwa biyar, na karatun ɗaiɗai ne, in masu dubawa sun zo shi zai amsa. Malamin aji biyar da ya gwada nasa yaran bai ce komai ba a ofis, sai dai na ga ya zo aron kwalayena.

Akwai kuma waɗanda ba su dawo ba sam, goma sha shida a ajina. Na bi sawun wasu bayan la'asar. Ɗaya yana dako a kasuwar Singa, ɗaya an kai shi gareji a Ƙofar Ruwa, 'yan mata biyu suna tallan awara. Mahaifin na garejin ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ba ƙin karatu nake ba. Wata bakwai kuna rufe, yaron nan shi ke kawo na cefane. Yanzu in ce ya bari?" Ban da amsa. Abin da ya cece mu shi ne tsarin kwana ukun da muke ta kuka da shi: ubangidansa ya yarda ya sake shi safiyar Laraba zuwa Juma'a. Bakwai suka dawo ta irin wannan hanya. Tara har yau in na buɗe tsohuwar rajista ina ganin layin jan da na ja a gaban sunansu.

Sati tara muka samu. A tsakiyar Disamba, kwanaki kaɗan bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Katsina, aka sake rufe makarantun Kano, sai 18 ga Janairun 2021 muka koma. Hunturu ya kankama, kowa na tari da mura, ba ka sanin wa za ka mayar gida. Batirin bindigar Baba ya mutu, ba a sake saya ba. A hankali kowa ya koma zuwa kullum, ɗakunan aro suka koma hannun masu su, aka sake cusa mini yarana a ɗaki ɗaya har gindin allo.

Abin da na iya riƙewa kaɗan ne. Kullum lokacin tara ina tsayar da yara goma su biya mini ɗaya bayan ɗaya, yatsa a kan kalma. Kafin in zagayo kan yaro sai an yi sati biyu da wani abu. Bai isa ba, na sani, amma yanzu ba na sa jan biro a shafin da mai shi bai karanta mini ko layi ɗaya a ciki ba.

Bokitan nan uku, biyu sun fashe, ɗaya yana nan a baranda, masu shara na ɗibar ruwa a ciki. Wata rana a cikin zangon nan na fito na tarar da monitar tawa a tsugune gabansa, tana bin rubutun da yatsa, leɓenta na motsi. Ta ɗago ta gan ni.

"Malam, wan-ke han-nun-ka."

Na ce, "Haka ne."

Ta ce, "To mu mata fa? Ai hannunki ya kamata a sa."

Na shiga ofis na ɗauko alƙalamin maka.