Hawa Daga Ƙasan Teku Zuwa Gaɓa a Tsaunukan Guadalupe

Hanyar da na bi a kwazazzabon McKittrick, cikin tsaunukan Guadalupe da ke yammacin jihar Teksas ta Amurka, tana hawa kimanin mita 600, kuma wanda ya bi ta yana lura da dutsen farar ƙasa da yake takawa zai gane cewa daga zurfin teku ya taso yana nufar gaɓa. Tekun nan ya wanzu ne a zamanin Famiyan, kusan shekara miliyan 260 da suka shuɗe.

A gindin tsaunin, dutsen mai duhu ne, shimfiɗe a sirara-sirara. Da na ɗora masa gilashin ƙara girma, kusan duk laka na gani wadda ta sandare, sai ɗan ɓawon halitta nan da can. Laka mai laushi haka ba ta kwanciya sai inda ruwa ya natsu, can ƙasan da igiyar ruwa ba ta kaiwa. A kan wannan ne masanin duwatsu Robert Dunham ya gina rabe-raben dutsen farar ƙasa da ya fitar a 1962: a duba ko laka ce ke riƙe da ƙwayoyin dutsen, ko ƙwayoyin ne ke jingine da juna. A ganina, wanda ya riƙe wannan tambaya ya samu rabin karatun.

Da muka ƙara gaba sai shimfiɗun suka karkace, cike da ɓaraguzai masu kaifin gefe, manya da ƙanana a cakuɗe, waɗanda suka gangaro daga sama. Daga nan muka isa jikin tudun Capitan, wato tudun da halittun teku suka gina a ƙarƙashin ruwa, inda na fi daɗewa. Babu shimfiɗa ko ɗaya a nan, dunƙule guda ne, domin halittun sun girma ne a inda suke, suna manne da juna. Ba murjani ne ya gina shi ba kamar tudun tekun yau. Soson teku ne da gansakuka da wasu ƙananan halittu masu rassa, kuma ramukan da ke tsakaninsu sun cike da wani simintin halitta da ya fito daga ruwan tekun kansa, wanda yawansa ya ba ni mamaki ƙwarai.

A can sama kuwa laka ta yi ƙaranci. Ƙwayoyin a wanke suke, cikinsu har da ɓawon fusulina, wata ƙaramar halittar teku mai kama da ƙwayar shinkafa, shaidar ruwa marar zurfi da igiya ke kaɗawa ba dare ba rana.

Daga ƙololuwar ana hango filin da dā shi ne kwarin tekun Delaware. Bayan da mashigarsa ta toshe, ruwan ya riƙa ƙafewa, jibsam (wani farin ma'adini) da gishiri suka cike kwarin suka binne tudun, har sai da ƙasa ta ɗago shi daga baya, zaizaya kuma ta yaye abin da ya rufe shi.