Intiro a kundin hip hop: yadda muke haɗa shi a situdiyo da inda yake lalacewa

A ƙaramin situdiyo irin namu babu aikin da ake jan ciniki a kansa kamar intiro. Mawaƙi zai biya kuɗin waƙa goma ba gardama, amma in an zo kan abin da zai buɗe kundin sai ya ce a yi masa gyara, kamar wanda ya sayi mudun gero. Dalilinsa shi ne abin bai wuce minti ɗaya ba, kuma babu amshi. Mu kuwa da ke zaune gaban kwamfuta mun san minti ɗayan nan yakan ci lokacin da ya kai na cikakkiyar waƙa, domin babu kiɗa mai nauyi da zai rufe aibi, kuma shi ne abu na farko da kunnen mai sauraro zai ci karo da shi.

Aikin intiro shi ne ya miƙa mai sauraro ga waƙa ta biyu yana son ji. Duk abin da aka saka a ciki wanda bai taimaka wa wannan ba, kaya ne aka ɗora. Hanyoyin miƙawar dai sun bambanta, kuma manyan kundayen Amurka, inda wannan salon kiɗa ya taso, sun nuna su ƙarara. Kundin Lauryn Hill na 1998 ya buɗe da daƙiƙa 47 kacal: malami yana kiran sunayen ɗalibai a aji, kowa na amsawa, aka kira sunanta shiru. Ba ta furta kalma ɗaya ba, amma mai sauraro ya riga ya gane cewa karatun da za a ba shi labari ba a aji aka yi shi ba. Nas kuma, a Illmatic na 1994, ya fara da ƙarar jirgin ƙasa da guntun magana daga fim ɗin Wild Style, sannan hirarsa da abokansa a kan kiɗa, duka a ƙasa da minti biyu. Wuri yake nunawa: ga unguwar, ga mutanenta, yanzu ku ji abin da ke cikinta.

A shekarar 1994 ɗin ne Notorious B.I.G. ya buɗe Ready to Die da wasan kwaikwayo na sauti mai tsawon fiye da minti uku, tun daga haihuwarsa, zuwa rigimar iyayensa, zuwa fashi a jirgin ƙasa, zuwa fitowa daga gidan yari. Ba a faɗi shekara ko ɗaya ba. Waƙoƙin da ke tashi a bayan maganar su ke gaya maka zamanin, daga ta Curtis Mayfield ta 1972 zuwa ta Snoop Dogg ta 1993. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma ba na ba ƙaramin mawaƙi shawarar kwaikwayonta. Wasan kwaikwayo ana jin daɗinsa sau ɗaya ko biyu, daga nan sai a riƙa tsallake shi, kuma kowace waƙar wani da ka saka a ciki tana da mai ita. Hanyar da ta fi dacewa da zamanin waya ita ce ta Meek Mill a 2012: waƙa ce sosai, ba amshi, ta fara a hankali a kan piyano, can tsakiya kiɗan ya juye ya yi zafi. Ta tsaya da ƙafarta har ta fi sauran waƙoƙin kundin suna, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Eagles ta Filadelfiya ma da ita ta shiga fili a wasan ƙarshe na 2018.

A nan arewa kunnenmu ya saba da mabuɗi tun kafin hip hop ya iso. Marubutan waƙa suna farawa da sunan Allah da salatin Annabi, makaɗa kuma da kirari. Shi ya sa mawaƙin Hausa hip hop yakan zo da son ya zuba addu'a da kirarin kansa da gaisuwar iyayen gida da 'yan unguwa duka a wuri ɗaya. Abin da muke ce masa shi ne ya zaɓi ɗaya. In addu'a ce, a yi ta ba kiɗa a ƙasa, a gama, a bar ɗan numfashi, sannan kiɗa ya shigo. Gaisuwar mutum ashirin kuwa wurinta ƙarshen kundi, inda wanda aka gaisar zai je ya nemi sunansa da kansa.

Intiro shi ake ji da farko, amma shi muke yi a ƙarshe. Sai an gama ɗaukar duk waƙoƙin, an yi musu miksin, wato an daidaita sautukansu, an tsayar da jerinsu ba sauran canji, sannan mu taɓa shi. Dalili kuwa, saurin kiɗansa da muryar da zai hau duk daga waƙa ta biyu ake ɗauko su. In aka yi shi tun farko, daga baya mawaƙi ya sauya waƙar da ke biye, sai a sake aiki, ko a bar shi haka nan a ji mahaɗar tana karo.

Tsawonsa lissafi ne. Gaɓa ɗaya ta kiɗan hip hop bugu huɗu ce. A saurin bugu 90 a minti, gaɓa tana cin daƙiƙa 2.67, don haka baiti mai gaɓa 16 zai kai kusan daƙiƙa 43, gaɓa 8 kuma 21. A saurin 140, wanda masu salon tirap ke so, gaɓa 16 ɗin nan ba ta wuce daƙiƙa 27 da 'yan kai ba. Wannan bambanci yana da kuɗi a cikinsa, domin Spotify ba ya ƙirga cewa an saurari waƙa sai an kai daƙiƙa 30. Intiro mai daƙiƙa 27 ko sau dubu nawa aka ji shi, a banza. Saboda haka ko dai a ƙara masa gaɓa huɗu ya haye, ko a manna shi a kan waƙar da ke biye su zama abu ɗaya. Mannawar ma tana da nata illa: duk wanda ya saka waƙar a jerin waƙoƙinsa dole ya riƙa jin surutun kafin kiɗa, kuma masu shirye-shiryen rediyo ba sa son haka. In magana ce zalla, daƙiƙa 35 zuwa 60 sun isa. In baiti ne na gaske, minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Abin da ya wuce nan sai in waƙa ce mai iya tsayawa ita kaɗai.

Wurin ɗaukar murya nan ne ƙaramin situdiyo ke tonuwa. Wutarmu tana tafiya a kan zagaye 50 a daƙiƙa, kuma janareta ko wayar lantarkin da ba a haɗa ta da ƙasa da kyau ba tana shigar da gurnani a daidai 50, da 100, da 150. A cikin waƙa, ganga da bes, wato sauti mai kauri na ƙasa, suna binne shi. A intiro mai magana zalla kowa zai ji. Muna kashe janareta mu koma kan inbata, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a rufe ƙofa, a haƙura da zafi na minti goma. Baki ya kasance santimita 15 zuwa 20 daga makirfo, da tacen iska a tsakani, domin haruffa irin su b da f da t suna fesa iska. Ƙarfin shigar murya kada ya wuce tsakanin -12 da -6 a ma'aunin desibel, a ɗauka a bit 24. Bayan nan a yanke duk sautin da ke ƙasa da zagaye 80 a daƙiƙa a murya, babu abin amfani a can. Sannan a ɗauki shirun ɗakin na daƙiƙa 20 ba wanda ke motsi. Da shi ake cike gurbin da aka yanke tsakanin jimloli, in ba haka ba sai a ji sautin ɗakin yana ɗaukewa yana dawowa.

Muryar waya da mawaƙa ke so, wato a ji kamar kira ne ya shigo, ba sai an yi kiran gaske ba. A ɗauki murya mai kyau, a yanke sautin da ke ƙasa da zagaye 300 a daƙiƙa da wanda ke sama da 3,400, shi ke nan. Amfanin haka shi ne in kalma ta ɓace za a iya sassauta yankan.

Mahaɗa tsakanin intiro da waƙa ta biyu ita ce ta fi cin lokaci. Muna jera su a fayil ɗaya, a daidaita yadda bugun farko na waƙa ta biyu zai faɗo a inda kunne ke jiransa, sannan a raba. A raba a inda igiyar sauti ta ratsa sifili, a saka ɗan lafawa na kashi 5 zuwa 10 cikin dubu na daƙiƙa a kowane gefe, in ba haka ba za a ji ƙas. Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin jelar amon intiro ta tsallaka cikin waƙa ta biyu. A situdiyo yana da daɗi. Amma MP3 yana ƙara ɗan shiru a farko da ƙarshen kowane fayil, kuma yawancin wayoyi suna ɗan tsayawa kafin su ɗauko na gaba, sai amon ya yanke ya dawo. Ya fi aminci intiro ya mutu gaba ɗaya a cikin fayil ɗinsa.

Sai batun ƙarfi. Spotify yana daidaita sauti zuwa -14 a ma'aunin ƙarfin sauti na LUFS. In ana jin kundi a jere, yana barin bambancin da ke tsakanin waƙoƙi yadda aka yi shi, amma a jerin gauraye kowace waƙa ita kaɗai ake aunawa, don haka intiro mai sanyi za a iya ɗaga shi, tare da duk ƙazantar da ke ƙasansa. A waya kuma matsalar ta juye: in intiro ya yi ƙasa sosai, mai sauraro zai ƙara murya har ƙarshe, waƙa ta biyu ta faɗo masa a kunne. Ma'auninmu shi ne muryar mai magana a intiro ta yi daidai da muryar mawaƙi a waƙar da ke biye, kiɗan ne kawai zai bambanta. Kuma kafin a sallami aiki sai an ji shi a lasifikar ƙaramar waya, domin intiro da aka gina a kan bes mai zurfi a can shiru ne.

Kayan aro su ne ke jawo shari'a. Guntun fim, jawabin wani, labaran rediyo, waƙar tsohon makaɗi: duk suna da masu su, kuma gajartar abin ba ta wanke kowa. De La Soul, waɗanda kundinsu na 1989 ya yaɗa al'adar saka 'yan wasanni tsakanin waƙoƙi, an kai su ƙara kan wani tsakure mai kamar minti ɗaya da suka ɗauko sautin ƙungiyar The Turtles a ciki, sai a wajen kotu aka sasanta. Tsofaffin kundayensu ba su hau manhajojin sauraro ba sai Maris 2023, kuma izinin irin waɗannan gutsattsari yana cikin abin da ya riƙe su. Saƙon murya na WhatsApp ma haka yake: in na mahaifiya ne ko budurwa ko aboki, sai mai muryar ya yarda a rubuce kafin mu saka.

Kuɗin aiki muna yanke shi ne bisa abin da ke ciki. Baiti a kan sabon kiɗa kuɗin cikakkiyar waƙa ne. Magana a kan kiɗan da aka ciro daga wata waƙar kundin, misali piyanonta ba ganga, rabin kuɗi, kuma sau da yawa ita ta fi kyau domin tana ɗaure kundin wuri ɗaya. Wasan kwaikwayo mai mutum uku ko huɗu da ƙarar kasuwa da ta babur ya fi waƙa tsada, saboda kowane sauti ɗaukarsa daban, zamansa daban. Mai kundin waƙa biyar ko shida kuwa mukan ce masa ya bar intiro, ya sa waƙarsa mafi ƙarfi a gaba.

Wurin miƙa aiki, intiro yana buƙatar lambar ISRC tasa, wato lambar shaidar waƙa, kamar kowace waƙa in za a ɗora a Audiomack ko Boomplay ko Spotify ta hannun mai rarrabawa. Fayilolin da za su bi ta hannun masu turi a kasuwa ko ta Xender kuma a fara sunansu da 01, 02, 03, a rubuta sunan mawaƙi da na kundi a jikin kowanne. Waya tana jera fayil ne bisa haruffa, kuma wanda aka sa wa suna Intiro kawai zai faɗa can tsakiya, cikin sauran intiro na mawaƙa goma da ke kan katin.