Akwatin tattabaruna da ruwan damina

Bara a watan Agusta na rasa 'yan shila biyu. An kwana ana ruwa, da safe na tarar da su sun sandare cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Laifina ne, don ƙofar akwatin gabas take kallo, alhali kowa ya san daga gabas hadari yake tasowa.

Bana tun kafin ruwan fari na sauke shi daga jikin katanga. Na kankare tsohon fenti, na kwaɓa garin katako da gam na cike duk wata tsaga, sannan na shafa fentin mai sau biyu, ta waje kawai. Kafintan unguwarmu ya ce in shafa baƙin mai saboda gara. Na ƙi. Tsuntsun da zai yi kwana 18 kan ƙwai bai kamata ya yi ta shaƙar warin nan ba.

Rufin kuwa guntun kwano na buga, ya zarce bakin akwatin da taƙi guda, na ɗora zana a kai saboda zafin rana. Na huda ƙasan wuri huɗu don ruwa ya tsiyaye, na juya ƙofar ta kalli kudu.

Daren jiya an sheƙa ruwa da iska. Na leƙa da tocila, uwar na kwance kan ƙwanta, ciyawar a bushe.