Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da Sakhr ta shigo gidanmu

Makon jiya mun tsaya a inda muka tashi daga unguwar Jarwal muka koma Shari'a Mansur, wato titin Mansur, a Makka. To a wannan gidan ne, cikin 1988, na fara taɓa kwamfuta.

Kawuna ne ya zo da ita daga Jidda, ta hannu ce, a naɗe cikin tsohon bargo. Inna ta leƙa ta ce, "Yaya, wannan keken rubutu ne ko rediyo?" Sakhr AX-170 ce, ba ta da gilashin kallo nata, sai an jona ta da talabijin. Kamfanin Al-Alamiyya na Kuwait, na Muhammad al-Sharikh, shi ya ɗauki tsarin kwamfutar gida mai suna MSX da aka fito da shi a Japan a 1983 ya koya masa Larabci. Ƙwaƙwalwarta kilobait 64 ce kacal, ko hoto ɗaya na wayar yanzu ba za ta ɗauka ba. Amma ga alif, ba, ta a jikin maɓallanta, rubutu na tafiya daga dama zuwa hagu kamar yadda muke yi a allo.

Baba bai yi na'am da ita ba. Ya ce za ta raba mu da karatu. Kawu bai yi musu ba, sai ya soka kaset ɗin Alƙur'ani a raminta.

"Malam, faɗi kalma ɗaya."

Baba ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Sabr."

Ayoyi suka jeru a talabijin. Ya gyara tabarau, ya matso har gemunsa na neman taɓa gilashi, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa da haddarsa. Bai samu kuskure ba. Tun daga ranar ya hana a ɗora mata komai a kai, kuma sai da alwala muke taɓa wannan kaset.

Ni kuwa BASIC, harshen da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi, ita ce ta tafi da ni. Layi biyu na rubuta, sunana ya cika talabijin yana gangarowa ba tsayawa, har Inna ta yi salati.

A 1990 Iraƙi ta mamaye Kuwait, aikin kamfanin ya koma Alƙahira. A shekarar ne kuma Kawu ya kai ni wani shagon gyara a Jidda koyon aiki. Nan za mu ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.