Godiya: Baba ya dawo gida

Alhamdu lillahi, an sallamo Baba daga asibiti, yanzu haka yana ɗakinsa a unguwar Nima, Accra, yana barci. Ni kuwa jikina kamar an daka ni a turmin sakwara, amma na ce ba zan kwanta ba sai na yi godiya.

Kun san abin da ya faru a dutsen Aburi, inda Baba ya yanke jiki ya faɗi, ba sai na maimaita ba. Masu tambayar me ya kai tsoho can, shi ya matsa. Tun yana saurayi yake jin labarin Peduase, gidan hutun shugaban ƙasa na zamanin Nkrumah, ya ce yana so ya ga Accra daga sama tun idonsa na gani. Ya kuwa gani. Mun tsaya a filin nan na gefen hanya, sama da garin Ayi Mensah, inda masu motsa jiki ke hutawa da safiyar Asabar. Ga gari a shimfiɗe, Oyarifa, Adenta, har can wajen Legon. Yana nuna wa jikoki inda Nima take da sandarsa, sai sandar ta faɗi.

Wata baiwar Allah mai gasa ayaba ce ta riga kowa isowa. Ba ta jin Hausa, ni kuma ɗan Twi ɗin da na iya ya gudu. Ta cire zanen da ta yafa, ta naɗe, ta tallafe kan Baba da shi, ta ɓalle masa maɓallin wuya, ta kori masu taruwa da maficin gawayinta. Da ta ga na daskare, sai ta dafa kafaɗata tana cewa "Allah, Allah", wai in yi masa addu'a irin tamu. Sai a lokacin bakina ya buɗe. Ayabarta duk ta ƙone. Ƙanena ya koma ya kai mata zanen da kuɗin ayabar, ta karɓi zane, ta ƙi kuɗi. Allah ya yi mata sakayya da abin da ya fi wannan, ya raya mata zuri'a.

Baba ba ya son a ambaci mutum kan alheri, amma yau ya yi haƙuri. Kawunmu na Maamobi, ka ajiye trotro ɗinka, motar haya, ana tsakiyar ciniki ka hau dutse, Allah ya tsare maka hanya. Yaya Babba da ta kwana a benci. Limaminmu. Matan adashinmu da ba su bar mu da yunwa ba, koko da ƙosai kullum da asuba. Masu turo kuɗi ta waya, har waɗanda suka ɓoye suna. Allah ya biya ku, ya jiƙan iyayenku, ya ba marasa lafiyarku lafiya, ya sa kada ku ga rana irin wannan.

'Yan uwanmu na Madina ta nan Accra, mun ji saƙon murya a WhatsApp, mun gode. Hanyar Aburi dai ta ƙofarku ta bi.

Tsohon kuwa har ya fara cewa muna da bashi, ba mu kai shi lambun Aburi ba. Na ce, Baba, lambun nan tun 1890 yake, zai jira.

Akwai addu'a a gida ranar Juma'a bayan La'asar. Masu zuwa dubiya, don Allah kafin Magariba, kuma kada a kawo masa abu mai gishiri ko yaya ya roƙa.