Ranar da na tashi sama da dinyoyi

Tun ina yaro a Damagaram, Inna ba ta barin zabuwa ta kwanta kan ƙwanta. Ta ce zabuwa ba ta iya raino ba, raɓar safiya ɗaya sai ta zubar da 'ya'ya cikin ciyawa. Sai ta tsinto ƙwan a gindin darni, ta sa wa wata jar kazarmu mai kwanci. Bayan mako huɗu sai ka ga kazar ta fito tana taƙama, 'yan zabi goma sha wani abu suna biye da ita ɗuu. Su ba su san ba uwarsu ba ce, ita ma ba ta tambaya ba.

Wannan jar kazar ce ta faɗo mini a rai ina ɗaure da bel a sararin samaniyar Cantal, a tsakiyar Faransa.

Karatu ne ya kawo ni Clermont-Ferrand, Cantal kuwa nan kudu da mu take, ƙasar tuddai da shanu da cuku. A can Christian Moullec yake. Da ma'aikacin hasashen yanayi ne, amma tun 1995 yake tashi da tsuntsaye a ƙaramin jirgi. A 1999 ya jagoranci 'yan dinyoyin wani jinsi da ke neman ƙarewa daga Suwidin har Jamus, don ya koya musu hanyar ƙaura da babu maharba. Yanzu ana ɗaukar baƙi a wurinsa. Kuɗin ya fi hayar ɗakina ta wata guda, kuma har yau ban faɗa wa kowa a gida adadin ba.

Da na ga jirgin sai da gabana ya faɗi. Adaidaita ce kawai aka cire wa rufi: taya uku, kujeru biyu, farfela a baya, sama kuma wani faffaɗan fiffike na yadi. Babu ƙofa, babu gilashi. Da sassafe ake tashi, kafin rana ta dama iska, don haka sanyi ya ci ni duk da riguna uku. Na yi bismilla, na ƙara da duk addu'ar hawa abin hawa da na haddace.

Dinyoyin ƙanana ne, ba su kai dinyarmu ta fadama ba, wuya baƙi, fuska fara kamar an shafa musu alli. Ana buɗe musu keji suka hau surutu. Injin ya ɗauka, muka fara gudu kan ciyawa, su ma suka bi mu a guje suna kaɗa fukafukai, abin dariya, kamar yara sun biyo motar amarya. Ban san lokacin da ƙasa ta sake mu ba.

A nan dariyar ta ƙare. Tsuntsun da na sani duk rayuwata daga ƙasa na san shi, ɗigo ne baƙi da ke wucewa. Yau ga shi a kafaɗata. Ina ganin ƙirjinta yana kumbura yana sacewa, ina ganin gashin bayanta yana rawa, ƙafafun a naɗe tsaf ƙarƙashin wutsiya. Duk ƙarar injin, ina jin fitar numfashinta. Kanta kuwa ko motsi ba ya yi, jiki na hawa da sauka amma kai na nan daram kamar an kafa shi da ƙusa. Ta juyo da ido ɗaya ta dube ni, irin duban da ake yi wa baƙon da ya zauna a kujerar mai gida, ta mayar da kai gaba.

Sannan na lura wadda ke dab da bakin fiffikenmu ta kusan daina kaɗawa. Ta miƙe fukafukai kawai, iska na ɗauke da ita. Kowane fiffike, na jirgi ko na tsuntsu, yana barin iska mai tasowa sama a gefen bakinsa, wanda ya samu gurbin nan ya samu sauƙi. Shi ya sa suke jeruwa kamar bakin kibiya. A wani bincike da aka wallafa a 2014, masana sun ɗaura wa tsuntsaye 14 na'urori suna bin irin wannan jirgi, suka tarar ba gurbin kaɗai suke nema ba, har bugun fiffikensu suke daidaitawa da na wanda ke gaba. Wato dinyar nan jirginmu ta mayar babbar yaya, tana cin arzikinsa.

Amma ba jirgin suke bi ba. Wannan shi ne abin da masu kallon bidiyon irin wannan tashi ba sa ganewa. Mutumin da ke tuƙi suke bi. Ɗan dinya, abin da ya fara gani yana motsi bayan ƙyanƙyasa shi ne uwa, magana ta ƙare. Konrad Lorenz na Ostiriya ya yi suna a kan wannan, har ya samu kyautar Nobel a 1973, ko da yake ni a wurin jar kaza na fara karanta darasin. Tashin minti talatin da na biya, a bayansa akwai watanni na zama da 'yan tsaki, ciyarwa, kwasar kashi, saba musu da ƙarar inji kaɗan-kaɗan.

A Kanada Bill Lishman ya riga kowa, a 1988, kuma a 1993 ya kai dinyoyi 18 daga Ontario zuwa Virginia ta Amurka. A Ostiriya da Jamus akwai ƙungiyar Johannes Fritz, masu wani baƙin tsuntsu mai sanƙo da jan baki lanƙwasasshe, wanda ya ɓace daga Turai kusan shekara 400. Matan da suka raine su ne ke zama a kujerar baya da rigar ruwan ɗorawa, suna kiransu da lasifika. Da Tuscany ta Italiya suke kai su, daga 2023 suka koma Andalus ta Sifen. Duk saboda waɗannan tsuntsaye ba a haifarsu da taswira a ka, sai babba ya nuna hanya sau ɗaya.

Da dare na kira gida, na ba Inna labari tiryan-tiryan. Ta yi shiru, ta ce, "Kai dai Allah Ya shirye ka. Da kuɗinka ka hau abin da ba shi da ƙofa?" Na ce, "Inna, ai sana'arki ce, jirgi kawai suka fi ki." Ta yi dariya har da tari. Can sai ta ce, "To su waɗannan da mutum ya raina, in sun girma suna iya rainon nasu?"

Tambayar ta zaunar da ni, don a kanta aka yi ta fama a Amurka. Akwai wani farin gauraka dogo da a 1941 bai fi ashirin da 'yan kai ba a duk daji. Daga 2001 aka riƙa jan 'ya'yansa da ƙananan jirage daga Wisconsin zuwa Florida, tafiyar kusan kilomita 2,000. Sun yi taka-tsantsan iya yinsu: masu rainon na lulluɓe da farin mayafi, ba sa magana, da kan gauraka na roba suke ba da abinci, tun a cikin ƙwai ake kunna musu ƙarar inji. Tsuntsayen suka koyi hanya, suna zuwa suna dawowa da kansu. Sai dai in sun yi ƙwai, 'ya'yan da ke rayuwa kaɗan ne ƙwarai. A 2016 hukumar namun daji ta ƙasar ta dakatar da jiragen, aka koma sakin 'ya'yan kusa da manyan gauraki.

Na faɗa wa Inna haka. Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Ta ce ita ma zabinta da kaza ta raina, duk shekara sai ta sake tsinto ƙwansu a gindin darni. Sannan ta ce in kashe waya kar kuɗina su ƙare, shamuwa ta sauka kan tsamiyar ƙofar gida tun shekaranjiya, gobe za su fita gyaran gona.